Yadda ake lissafin nauyi da daidaiton ƙaramin jirgin sama kafin tashi daga Zinder

Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 yana da kujera huɗu, da wurin kaya a baya, da tankin mai a cikin kowane fiffike. Mai koyon tuƙi yakan ɗauka cewa tunda maƙeran sun tanadi waɗannan wurare, ana iya cika su duka a tashi. Ba a iyawa. Ka zaunar da manya huɗu, ka cika tankuna, ka ɗora jakunkuna, to ka wuce ƙarfin jirgin tun ba ka tayar da inji ba. Shi ya sa kafin kowace tafiya ake amsa tambaya biyu a kan takarda: nawa ne nauyin jirgin gaba ɗaya, kuma a ina nauyin ya taru. Matuƙan da suka yi karatu da Faransanci suna kiran tambaya ta biyu santaraj.

Duk wanda ya taɓa ganin lodin amalanken jaki a bakin kasuwar Dole ya san asalin maganar. In buhuna suka yi yawa a bayan taya, amalanken yana ɗaga jakin sama. In suka taru a gaba, su danne masa gadon baya. Buhunan ba su ƙaru ba, wurin da aka aza su ne ya sake. Haka jirgi yake, sai dai shi ba ya tsayawa a gefen hanya a gyara lodi.

Abin da za ka tanada

Littafin jirgin da za ka tuƙa. A littattafan Cessna na zamani babi na 2 ne ke da iyakoki, babi na 5 ke da tsawon titin da jirgi ke bukata, babi na 6 ke da nauyi da daidaito.

Takardar awon wannan jirgi shi kansa, mai ɗauke da lambar rajistarsa. A Nijar lambar tana farawa da 5U.

Sikeli na auna mutum, irin na ɗakin wanka ma ya isa in an gwada shi. Sikeli mai ƙugiya na rataya jaka yana da amfani in akwai.

Sandar auna mai da aka yi wa tankin wannan samfuri.

Bik ko fensir, takarda mai layi, da na'urar lissafi. Ta cikin salula ta wadatar.

Kalmomi huɗu da aikin ya rataya a kansu

Mafari shi ne layin da ake fara awo daga gare shi. Maƙeri ne ke zaɓarsa. A Cessna 172 yana a fuskar bangon ƙarfen da ya raba inji da ɗakin matuƙi. Tazara ita ce nisan abu daga mafari, da inci. Abin da ke bayan mafari tazararsa lamba ce zalla, abin da ke gabansa kuwa ana sa masa alamar ragi. Rinjaye shi ne nauyi sau tazara, wato ƙarfin da abu ke da shi na karkata jirgin. Laba 10 a can wutsiya ta fi laba 30 a kujerar matuƙi rinjaye. Cibiyar nauyi kuma ita ce wurin da jirgin zai tsaya cak da za a rataye shi da igiya ɗaya. Ana samunta ta hanyar raba jimillar rinjaye da jimillar nauyi. Ilimin da kake bukata ke nan, saura duk tattara lambobi ne da gaskiya.

Misalin da za a bi a nan Cessna 172S ne. Iyakokinsa da tazarorinsa na littafinsa ne. Nauyin jirgin wofi da na fasinjoji kuwa na misali ne, kada ka kwafe su zuwa takardarka.

Mataki na 1: Zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kai

A nan ne aka fi yin kuskure a ƙasarmu. Littafin jirgin Amurka yana magana da laba da inci da galan. Sikelinka yana ba ka kilo, mai sayar da mai yana ba ka lita. Tunda iyakoki da zanen littafin mai nuna iyakokin cibiya dukansu da laba suke, mayar da komai laba tun daga farko.

Kilo sau 2.2 ya ba ka laba. Ainihin lambar 2.205 ce, bambancin bai kai laba ɗaya a kan mutum ba, amma in lissafinka ya zo dab da iyaka, yi amfani da cikakkiyar lambar.
Galan ɗaya na Amurka lita 3.785 ne.
Man ƙananan jirage, wato 100LL mai launin shuɗi, galan ɗaya laba 6 ne, lita ɗaya kilo 0.72 ko kusan laba 1.6.
Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne.
In jirginka mai injin dizal ne da ke shan Jet A-1, lita ɗaya kusan kilo 0.8 ce.

Akwai kuma tarkon waƙafi. A makarantunmu ana rubuta biyu da rabi 2,5. A littafin Amurka 2,550 yana nufin dubu biyu da ɗari biyar da hamsin, biyu da rabi kuma 2.5. A wannan bayani an bi tsarin littafin jirgin: waƙafi na dubbai, ɗigo na gutsure. Duba wane tsari na'urar lissafinka ke bi kafin ka yarda da amsarta.

Kada ka raina wannan mataki don ka ga sauƙinsa. A 1983 wani Boeing 767 a Kanada ya ƙare da mai a sararin sama saboda an rikita laba da kilo wajen lissafin man da aka zuba masa.

Mataki na 2: Ɗauko nauyin jirgi wofi daga takardarsa

Babi na 6 yana da misalin lissafi da wani nauyin wofi a ciki. Wannan na koyarwa ne. Jirage biyu samfuri ɗaya, shekara ɗaya, suna iya bambanta da laba hamsin ko fiye, saboda wani an ƙara masa rediyo, wani an sake masa fenti, wani an canza masa batir ko kujeru. Nemi takardar awo ta ƙarshe, ka duba kwanan watanta da sa hannun makanikin da ya yi ta. In ka ga na'ura a jikin jirgin wadda ba ta cikin jerin kayan da aka rubuta, tambayi makaniki kafin ka ci gaba. In takardar ta ɓata gaba ɗaya, ba dabarar da za ta maye gurbinta: sai an ɗora jirgin a kan sikeli uku, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, an daidaita shi, an sake awo. Wannan aikin makaniki mai lasisi ne.

A 172S nauyin wofi ya haɗa da cikakken baƙin mai na inji da galan 3 na man da ba ya fita daga tanki. A tsofaffin Cessna na kafin tsakiyar shekarun 1970, baƙin mai ba ya cikin nauyin wofi, sai ka ƙara shi da kanka, kuma rinjayensa na ragi ne tunda inji yana gaban mafari.

Jirgin misalinmu: laba 1,720, tazara inci 40.5, rinjaye 69,660.

Mataki na 3: Rubuta iyakoki da tazarori a saman takarda

Na 172S a rukunin tafiya ta yau da kullum:

Nauyin da aka yarda da shi a wurin ajiya, kafin tayar da inji: laba 2,558.
Nauyin tashi da na sauka: laba 2,550, wato kilo 1,157.
Kujerun gaba: inci 37.
Kujerun baya: inci 73.
Wurin kaya na farko, bayan kujerun baya: inci 95, iyakarsa laba 120.
Wurin kaya na biyu, can ƙurya: inci 123, iyakarsa laba 50.
Wuraren biyu a haɗe: kada su wuce laba 120.
Mai: inci 48, cikakken tanki galan 53 masu amfani.
Iyakar baya ta cibiya: inci 47.3, a kowane nauyi.
Iyakar gaba: inci 35.0 in nauyi bai wuce laba 1,950 ba, daga nan tana ja da baya har ta kai inci 41.0 a laba 2,550.

Lura da wannan ta ƙarshe, don masu koyo sukan haddace 35 su manta da saura. Daga 1,950 zuwa 2,550 laba 600 ne, daga 35 zuwa 41 inci 6 ne. Ke nan duk laba 100 da ta ƙaru a kan 1,950, iyakar gaba tana matsowa da inci ɗaya. Da wannan za ka iya fitar da iyakar ko da zanen littafin ba ya hannunka. In jirginka 172N ne na ƙarshen shekarun 1970, iyakar nauyinsa laba 2,300 ce, lambobinsa daban. Ɗauki na littafinka.

Mataki na 4: Auna mutane da kaya

Auna su, kada ka tambaye su. Yawancin mutane ba su hau sikeli ba tun zuwansu asibiti na ƙarshe, kuma babbar riga tana ɓoye kilo goma ba tare da ido ya gane ba. Mutum ya hau da duk abin da zai shiga jirgi da shi: takalma, jakar hannu, gorar ruwa, kwamfuta.

Kunya ce ke hana matashin matuƙi wannan aiki, musamman in fasinjan dattijo ne ko shi ya biya kuɗin tafiya. Hanya mai sauƙi ita ce ka aje sikelin a inuwar fiffike, kai ka fara hawa a gabansu ka rubuta naka, sannan ka ce: "Alhaji, a yi haƙuri a taka nan, dokar jirgi ce, ni ma kun ga na hau." In da mace a tafiyar, ka ce: "Hajiya, ku hau da jakarku gaba ɗaya," ka duba lambar ka rubuta shiru, ba sai ka faɗe ta da ƙarfi ba. Aje sikelin a kan siminti ko faffaɗan katako. A kan rairayi yana nutsewa ya ba da lambar da ba daidai ba.

Kafin ka yarda da sikeli, gwada shi da abin da ka san nauyinsa. Bido mai lita 20 cike da ruwa ya kamata ya nuna kilo 20 da ɗan abin da robar ta ƙara. In ba ka da sikelin rataya, hau na mutum riƙe da jakar, ka sauka, ka sake hawa hannu wofi, ka cire. In babu sikeli ko ɗaya a filin, tura kayan a auna su a sikelin ƴan kasuwa kafin a kawo. Mutanen kuma, in dole ta sa sai da tambaya, ƙara wa kowa aƙalla kilo 5 a kan abin da ya faɗa, kuma kada ka tashi da lissafin da ya zo dab da iyaka.

Abubuwan da ake mantawa: jakar matuƙi da taswirori, galan ɗin baƙin mai na ajiya, igiyoyin ɗaure jirgi, sandar jan taya, akwatin kayan gyara, da ruwan sha na ko-ta-kwana wanda duk mai bi ta saman dajin Tanout ko Agadez ya wajaba ya ɗauka. Ƙullin dabino ko na gero ƙarami ne a ido, amma tiya huɗu ta gero ta kai wajen kilo 10.

Jirgin Boeing 727 da ya faɗi a Kotonu ranar 25 ga Disamba 2003, ya hallaka mutum fiye da ɗari, binciken da aka yi ya nuna an yi masa lodi fiye da kima, kuma matuƙan ba su san ainihin nauyinsa da inda cibiyarsa take ba. Abin da ya kayar da babba ba zai bar ƙarami ba.

A misalinmu: matuƙi kilo 80, laba 176. Fasinjan gaba kilo 90, laba 198. A baya mutum biyu, kilo 70 da kilo 55, laba 154 da 121. Kaya kilo 30, laba 66.

Mataki na 5: Fitar da man da tafiyar ke bukata, sannan ka auna wanda ke tanki

A ce tafiyar Maradi ce, zuwa da dawowa. Ta sama nisan ya ɗan wuce kilomita 200, kusan awa ɗaya kowane ɓangare. Ba kowane fili ake samun 100LL ba, don haka in ba ka tabbatar da waya cewa akwai shi a can ba, ɗauki na dawowa daga nan. In ka yi lissafi da galan 10 a awa, tafiyar za ta ci wajen galan 22, tayar da inji sau biyu da hawa sama su ci kamar 3. Mafi ƙarancin man ajiya da aka saba shar'antawa a tafiyar rana na minti 30 ne. A lokacin hunturu, da hazo ke iya rufe fili cikin ɗan lokaci, wannan ya yi kaɗan, awa guda ya fi kwanciyar hankali. Jimilla galan 35, wato lita 132, laba 210.

Agogon mai na ƙananan jirage ba abin dogaro ba ne wajen wannan lissafi. Hau kan fiffike, buɗe murfi, tsoma sandar awo a kowane tanki, jirgin yana tsaye a wuri mai daidai. In yana karkace, mai yana gangarawa tankin ƙasa, awon ya ruɗe ka. In babu sanda, hanya biyu ce ta rage: ka cika fal ka san galan 53 ne, ko ka cika zuwa ƙarfen alama da ke cikin wuyan tanki in jirginka yana da shi, littafin ya faɗi adadin da yake nufi.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne a rubuta 132 a layin laba don an ji mai zuba mai ya ce 132. An ɓatar da laba 78 ke nan a layi ɗaya.

Mataki na 6: Tara nauyi kawai tukuna

Kada ka wahalar da kanka da rinjaye kafin ka san ko nauyin ya shiga.

1,720 + 176 + 198 + 154 + 121 + 66 = 2,435, ba mai.
Da galan 35: 2,645.
Da cikakken tanki, laba 318: 2,753.

Iyaka 2,558 ce. Da man da tafiyar ke bukata an wuce da laba 87, kusan kilo 40. Da cikakken tanki an wuce da laba 195.

Yanzu me za a sauke? In an bar kayan duka, an rage 66, saura 21 a sama. In an rage mai don kowa ya shiga, galan 20 kawai za a iya ɗauka, ba zai kai ku ya dawo da ku ba. Mai shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa, kuma ajiyar ba a taɓa ta sam. Abin da ya rage shi ne mutum ɗaya ya bi mota. A ce mai kilo 55 ne ya haƙura. Faɗa masa tun da wuri. Shi ya sa ya fi kyau a yi wannan lissafi da daren jajibirin tafiya, kafin mutane su yi sallama da gida su zo fili.

Mataki na 7: Fitar da rinjaye da cibiya

Jirgi wofi: 1,720 × 40.5 = 69,660
Kujerun gaba: 374 × 37 = 13,838
Kujerar baya: 154 × 73 = 11,242
Wurin kaya na farko: 66 × 95 = 6,270
Mai: 210 × 48 = 10,080
Jimillar nauyi: 2,524
Jimillar rinjaye: 111,090

Cire man tayar da inji da tafiya zuwa bakin titi. Littafin ya ware laba 8, rinjayensu 384. Nauyin tashi ya zama 2,516, rinjaye 110,706.

110,706 ÷ 2,516 = inci 44.0.

Ana tara nauyi, ana tara rinjaye, amma ba a taɓa tara tazarori. In amsarka ta fito 4.4 ko 440, ka zame da sifili a wani layi. Cibiyar 172 kullum tana tsakanin talatin da wani abu zuwa arba'in da wani abu. Zanen littafin yana raba rinjaye da 1,000, don haka a can 110.7 za ka nema.

Mataki na 8: Gwada da iyakoki, a tashi da kuma a sauka

A laba 2,516 an ɗara 1,950 da laba 566, don haka iyakar gaba 35 da 5.66, wato inci 40.7. Ta baya 47.3. Cibiyarmu 44.0 tana tsakiya, lafiya lau.

Mai yana ƙonewa, cibiya tana motsi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sake lissafin kamar tanki ya bushe: nauyi 2,314, rinjaye 101,010, cibiya inci 43.7, iyakar gaba a wannan nauyi 38.6. In farko da ƙarshe duk suna ciki, tsakiyar tafiya ma tana ciki a irin wannan jirgi. A 172 motsin kaɗan ne saboda tankuna suna kusa da cibiya. A wasu jirage, kamar Beechcraft Bonanza, cibiya tana ja baya sosai yayin da mai ke raguwa, sai mutum ya tashi cikin iyaka ya zo sauka a wajenta.

Idan nauyi ya shiga amma cibiya ta fita ta baya

Wannan ya fi kowanne haɗari, kuma al'adarmu ta shiga mota tana kai mutum gare shi. Mai gida ya saba zaman baya, gaba wurin direba ne. A ce matuƙi siriri ne, kilo 60, shi kaɗai a gaba. Alhaji da abokinsa, kowanne kilo 85, sun zauna baya. An sa laba 70 a wurin kaya na farko, laba 50 a na biyu, mai galan 25.

69,660 + 4,884 + 27,302 + 6,650 + 6,150 + 7,200 = 121,846. Nauyi 2,496, bai kai iyaka ba. Cibiya kuwa inci 48.8, ta wuce 47.3 da inci ɗaya da rabi.

Inci ɗaya da rabi bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ga abin da yake yi. Hancin jirgi yana ɗagawa da kansa kafin gudu ya isa. Sitiyari yana yin sakwaf, ɗan taɓi kaɗan jirgin ya yi sama ko ƙasa. In fukafukai suka daina ɗaukar jirgin, abin da ke ceto shi ne hanci ya sunkuya ya samu gudu, kuma nauyin baya shi ke hana hancin sunkuyawa. In ya shiga juyawa a haka, mai yiwuwa ba zai fita ba.

Gyaran ba ya bukatar sauke kowa. Mutum ɗaya ya dawo gaba. Nauyin da aka matsar sau nisan da aka matsar da shi, a raba da jimillar nauyi, shi ne motsin cibiya: 187 × 36 ÷ 2,496 = inci 2.7. Cibiya ta dawo 46.1. Sai ka ce: "Ranka ya daɗe, yau gaba za ku zauna kusa da ni, jirgin yana son nauyi a gaba." Kayan da suka fi nauyi kuma a bar su a wurin kaya na farko, jingine da bayan kujera. Ƙurya ta tabarma ce da filo da makamantansu.

Idan ta fita ta gaba

Ƙarti biyu a gaba, kilo 100 da kilo 110, cikakken tanki, baya wofi. Nauyi 2,500, rinjaye 102,018, cibiya 40.8, iyakar gaba 40.5. An shiga da ƙyar. To amma inci 37 na kujerar gaba matsakaici ne, kujerar tana zamewa daga inci 34 zuwa 46. In su biyun gajeru ne suka ja kujerun gaba har ƙarshe, cibiya ta koma wajen 40.3, ta fita. Alamarsa hanci mai nauyi: jirgin yana cin titi kafin ya ɗaga, a sauka kuma ka ja sitiyari har ƙirji hancin ya ƙi tashi, tayar gaba ta fara dukan ƙasa. Haka ake lanƙwasa bangon inji, wani lokaci farfela ta taɓa ƙasa.

Maganinsa bidon ruwa mai lita 20 a wurin kaya na farko. Nauyi ya zama 2,544, cibiya 41.7, iyaka 40.9. Ka samu sarari, ka kuma samu ruwa.

Mataki na 9: Loda yadda ka rubuta, ka ɗaure

Takarda ta ce kaya suna inci 95, to su zauna a inci 95. Bidon da ba a ɗaure ba yana gangarawa ƙurya da zarar hanci ya ɗaga, daidai lokacin da ba ka son nauyi a baya. Sa ragar kaya ko igiya a zobban da ke daɓen jirgin. Kai da kanka za ka duba bayan masu taimako sun gama, don mai son gyara maka wuri yakan tura jaka mafi nauyi can ciki don ƙofa ta rufu. Kada a sa bidon fetur a cikin ɗakin fasinja. Ka kuma gaya wa fasinjoji ba a sauya kujera sai da saninka.

Mataki na 10: Haɗa nauyin da zafin ranar

Laba 2,550 iyakar ƙarfin jirgi ce, ba ta yi maka alkawarin zai hau sama da kyau a kowace rana ba. Filin jirgin Zinder yana kusan mita 460 sama da teku, wajen ƙafa 1,500. A wannan tsayi littafi yana ɗaukar zafin da aka saba digiri 12 ne. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana sa iska ta yi sirantakar da ta yi daidai da hawa ƙafa 120. Da azahar a watan Afrilu ko Mayu, in zafi ya kai 42, an ɗara da digiri 30, wato ƙafa 3,600. Inji da farfela da fukafukai suna aiki kamar filin yana sama da ƙafa 5,000.

Buɗe babi na 5 da nauyin da ka fitar. Da cikakken nauyi, 172S yana gudun kusan ƙafa 1,000 a ƙasa kafin ya ɗaga a bakin teku da zafi 20. A tsayin ƙafa 2,000 da zafi 40 yana bukatar kusan 1,400, kuma wannan da sabon jirgi ne a kan kwalta, a hannun gwanin matuƙi. Jadawalin a digiri 40 ya tsaya. In zafi ya wuce haka ba ka da lambar da za ka dogara da ita, sai ka jira. A titin kwalta mai tsawo matsalar takan bayyana ne bayan an ɗaga, jirgin ya riƙa hawa da ƙyar, zafin inji yana ƙaruwa. A filin jar ƙasa ko rairayi na ƙauye kuwa tun a ƙasa take farawa. Lokacin bazara tashin sassafe ya fi, kuma in tafiyar ta kama da rana, ka bar laba 100 ko fiye a ƙasan iyaka.

Mataki na 11: Sake lissafi a kowane zango

Sa hannu a takardar, rubuta kwanan wata, ka riƙe ta a jirgi. Ta wannan tashi ce kaɗai. A Maradi fasinjojinka za su dawo da tsaraba, kuma za su kawo ta ne a minti na ƙarshe. A ce zuwan ya ci galan 12, laba 72. Jirgin yana 2,452, akwai sararin laba 98 kafin 2,550. Amma wurin kaya yana da laba 66 tun daga Zinder, iyakarsa 120, don haka laba 54 kawai zai ƙara ɗauka, kilo 24. Da su nauyi ya zama 2,506, rinjaye 112,764, cibiya inci 45.0, tana ciki. In tsarabar ta fi haka, ragowar za ta iya zama a kujerar baya da ba kowa, a ɗaure ta da bel, a lissafa ta a inci 73, muddin jimilla ba ta wuce 2,550 ba. Fito da sikelin daga jirgi ka aje a inuwar fiffike kafin motarsu ta iso.